Taba Ta Bambanta da Garin Gero: Bayani ga Mai Shirin Fara Shaƙar Garin Taba

Duk wanda ya tashi a Jabo ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga nan har Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, ya san irin dattijon da zan kwatanta. Yana zaune a kan tabarma gindin dogon yaro bayan la'asar, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar batta wadda yawan riƙo ya sa ta yi sheƙi. Ya ƙwanƙwasa murfin sau biyu da farce don garin da ya manne ya zuba ciki, ya buɗe, ya ɗebo da babban yatsa da manuni, ya kai ƙofar hanci ta dama, ya kai ta hagu. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zaro wani tsumma da ya rine ya koma launin ƙasa ya share hanci, hira ta ci gaba.

Kwanan baya ɗan ƙanwata, wanda ke sana'ar kabu-kabu, ya same ni da wani ɗan gwangwani a hannu. Ya ce, "Kawu, an ce wagga aba tana maganin mura, tana kuma korar kwana. Ƙaƙa ake amfani da ita?" Ban yi masa tsawa ba, domin yaron da aka kora da tambayarsa abokai zai kai wa, su kuma amsarsu a shirye take. Na ce ya zauna mu bi maganar daki-daki. Abin da na faɗa masa shi ne na rubuta a nan, saboda na san ba shi kaɗai ne mai wannan tambaya ba.

Mataki na farko: san abin da ke cikin battar

Taba ba tsiron ƙasarmu ba ce ta asali. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma mutanen can sun daɗe suna busa ta, suna tauna ta, suna shaƙar garinta kafin jiragen Turawa su isa gare su a 1492. Wajen shekarar 1560 jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin maganin ciwon kai. Daga sunansa aka samo sunan nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen, wanda shi ne ke kama mutum. Kafin a daɗe da shiga ƙarni na 17 taba ta iso Afirka ta Yamma, ta kuma iso da gardamarta. Malam Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa a 1607 yana ganin halaccinta, daga baya kuma Malam Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi ya yi rubutu yana haramta shan ta. Har yau malamai da yawa suna hana ta saboda cutarwarta. Ke nan tambayar ɗan ƙanwata ta girmi kakan kakansa.

A ƙasar Hausa hanyoyi uku aka fi sani. Akwai masu busa ta a lofe ko sigari, akwai masu cin garin, wato su zuba shi tsakanin leɓe da dasashi, akwai kuma masu shaƙa. Na ukun nan ne maganarmu.

Ga yadda ake samun garin. Ana noma taba a fadama, kuma kwarin Gulbin Maraɗi na cikin wuraren da suka yi suna da ita. Idan ganye ya nuna sai a tsinke shi, a shanya har ya bushe ya yi ja-ja, a tara shi a rufe na wani lokaci don ya yi zufa, ɗacinsa ya kwanta, ƙamshinsa ya fito. Daga nan a cire jijiyoyin, a daka a turmi ko a niƙa a dutse, a tankaɗe har ya yi laushi kamar kwalli. Sai a kawo kanwa a daka a haɗa. Wasu kan ɗiga ɗan mai don kada ya yi ƙura, wasu kan sa abin ƙamshi. Kanwar nan tun zamanin fatake ake kawo ta daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, kuma masu taba na cikin manyan masu sayenta.

Mataki na biyu: fahimci abin da ke faruwa a hanci

Mutane da yawa suna zaton ana sa kanwa ne don ɗanɗano ko don yaji. Aikinta ya wuce nan. Nikotin yana zaune a cikin ganyen taba a ɗaure, kuma a haka ba ya saurin ratsa fatar jiki. Kanwa ce ke kwance shi. Yadda take sa wake ya yi saurin nuna a tukunya, haka take sa nikotin ya yi saurin shiga jini. Shi ya sa garin da aka cika wa kanwa ya fi "kamawa", shi ya sa kuma ya fi cin hanci.

Cikin hanci kuwa a shimfiɗe yake da wata fata mai taushi, mai laima kullum, cike da ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da sama. A kanta akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu tura majina da ƙura zuwa baya don a tofar ko a haɗiye. Idan garin taba ya sauka a wannan fata sai ya narke a laimar, nikotin ya ratsa cikin jini, cikin 'yan mintoci ya kai ƙwaƙwalwa. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya ɗan hau, mutum ya ji idonsa ya washe. Binciken da aka yi a Landan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa masu shaƙa kullum suna ɗauke da nikotin a jininsu kwatankwacin na masu shan sigari.

Wanda bai taɓa yi ba, abin da zai fara gamuwa da shi shi ne atishawa a jere, hawaye, raɗaɗi, sannan jiri, zufa mai sanyi da tashin zuciya, wani ma har amai. Abokai za su ce masa, "Haka farko yake, za ka saba." Gaskiya ne zai saba, amma ya kamata ya san ma'anar sabon. Jirin da aman nan jiki ne ke cewa an kawo masa guba. Idan aka nace, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da nikotin har ta koma ba ta jin daɗi sai da shi. Cikin kamar awa 2 rabin nikotin da ke jini yakan baje, sai mutum ya fara jin kasala, fushi da nauyin kai, hannunsa ya nufi aljihu ba tare da ya yi shawara da kowa ba. A nan ne batta ta zama ubangida.

Mataki na uku: auna maganar "magani"

Abu huɗu ake yawan faɗa, kuma kowanne yana da ɗan abin da ya jingina da shi, shi ya sa ake yarda.

Ana cewa yana maganin mura. Abin da ke faruwa shi ne atishawa da ruwan da hanci ke zubarwa don kare kansa suna fitar da majina, sai a ji hanci ya buɗe. Ƙwayar cutar mura tana nan ba abin da ya same ta, kuma fatar da aka ƙona takan kumbura daga baya, hanci ya fi dā toshewa. Da yawa daga cikin tsofaffin masu shaƙa murarsu ba ta ƙarewa rani da damina.

Ana cewa yana maganin ciwon kai. Ga wanda ya saba, sau da yawa rashin tabar ne ya kawo ciwon kan, sai ita kuma ta zo ta kwantar da shi. Wanda ya haƙa maka rami ya miƙo maka igiya bai yi maka alheri ba. Idan kuwa ciwon kan na hawan jini ne, shaƙar ƙara masa wuta take yi.

Ana cewa yana maganin ciwon haƙori. Raɗaɗin taba da kanwa yakan danne zogin na ɗan lokaci, ramin da ke haƙorin kuwa yana ci gaba da faɗi.

Ana cewa yana korar barci. Yana korar sa na 'yan mintoci, amma bashin barci ba ya yafuwa. Direba ko ɗan kabu-kabun da ya dogara da shi a kan titin Sakkwato zuwa Jega yana ɗauke da gajiyar da aka lulluɓe, kuma ba ta faɗin lokacin da za ta yaye lulluɓin.

Mataki na huɗu: san farashin da jiki ke biya

Adalci ne a faɗi cewa mai shaƙa ba ya cika huhunsa da hayaƙi, ba ya kuma busa wa iyalinsa shi kamar mai sigari. Amma rashin hayaƙi bai wanke taba ba. Tun a 1761 wani likita a Landan mai suna John Hill ya rubuta gargaɗi a kan yawan shaƙar garin taba, bayan ya ga mugayen ƙari a hancin wasu masu yi. A zamaninmu, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa tabar da ba a busawa, ta ci da ta shaƙa, a rukuni na 1 na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na baki, na maƙoshi da na wani sashen ciki da likitoci ke kira fankiriyas. An gano sinadarai aƙalla 28 masu jawo ciwon daji a irin wannan taba. Kada mai shaƙa ya ce bakinsa da cikinsa ba su shiga ba, domin garin da ya hau hanci yakan gangaro ta maƙogwaro a haɗiye shi da majina.

Kafin a kai ga wannan, akwai abubuwan yau da kullum: haɓo, musamman da hunturu lokacin da hanci ya riga ya bushe ya tsage, toshewar hanci, raguwar jin ƙamshi har abinci ya daina daɗi, da hauhawar jini. Mace mai ciki da ke shaƙa tana raba nikotin da ɗan da ke cikinta, kuma hakan na iya sa a haife shi da ƙarancin nauyi ko kafin lokaci. Mai shayarwa ma yana bi ta nononta.

Saboda haka shawarar farko ga sabon shiga, wadda ta fi duk sauran nauyi, ita ce kada ya fara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sauran bayanin da ke tafe na wanda ya riga ya shiga ne, da wanda ke zaune gida ɗaya da mai batta.

Mataki na biyar: idan ka riga ka shiga, rage ɓarna

Na ɗaya, ka rage abin da kake ɗiba. Abin da bai wuce ƙwayar dawa ba ya isa. Cika yatsu ba ya ƙara komai sai ƙuna da ƙarin sabo.

Na biyu, kada ka zuƙa da ƙarfi kamar mai jan ruwa a alwala. Ja a hankali kamar mai sansanar turare, don garin ya tsaya a gaban hanci. Zuƙa mai ƙarfi tana watsa shi can ciki, ya faɗa maƙogwaro, wani ya bi hanyar numfashi, sai tari da ƙwarewa.

Na uku, bayan 'yan mintoci ka fyace a hankali da tsumma mai tsabta, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Tsumman nan a riƙa wanke shi kullum, a shanya a rana. Da dare ka wanke hancin da ruwan gishiri: ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafe ba tozo ba, a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

Na huɗu, ka wanke hannu kafin da bayan. Yatsan da ya riƙe kuɗi da kan babur bai dace da cikin hanci ba, yatsan da ya taɓa taba kuma bai dace da ido ko abincin yaro ba. Al'adar zagaya batta a majalisa, kowa ya tsoma yatsa ya kai hanci, hanya ce ta raba mura da abin da ya fi mura.

Na biyar, akwai lokutan da ba a taɓa shi sam: idan hanci yana jini ko yana da miki, idan kana kan tuƙi, idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, da kuma lokacin ciki da shayarwa. Kada a haɗa shi da sigari, domin an ninka nikotin ke nan.

Na shida, ka ƙidaya. Yawancin masu shaƙa ba su san sau nawa suke buɗe batta a yini ba. Sa tsakuwa a aljihu duk lokacin da ka buɗe, da dare ka zube su ka gani. Wannan lissafi zai yi maka amfani a mataki na ƙarshe.

Mataki na shida: ajiya

Abokan gabar garin taba huɗu ne: iska, zafi, laima da hannun yaro. Ukun farko kowanne da lokacinsa a ƙasarmu.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ce matsala. Battar da murfinta bai kama ba sai garin ya bushe ƙayau, ya zama ƙura mai tashi da kanta, wadda ke wucewa can cikin hanci ta sa haɓo. Kada ka ce za ka gyara shi da yawu ko ɗigon ruwa, domin ka shuka masa ruɓa ke nan. Maganin shi ne murfi mai kamawa tun farko.

Da bazara, a watannin Maris da Afrilu da Mayu lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, zafi ne matsala. Kada a bar shi a ƙarƙashin kujerar babur, ko gaban gilashin mota, ko a kan taga, ko a saƙale kusa da rufin kwano. Wannan ya wuce maganar gushewar ƙamshi. Sinadaran nan masu jawo ciwon daji, waɗanda masana ke kira naitirosamin, suna ƙaruwa a cikin taba idan ta daɗe a ajiye cikin ɗumi da laima, saboda ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna ci gaba da aiki. Tsohon gari da ya sha zafi ya fi sabo cutarwa.

Da damina, musamman Agusta, laima ce matsala. Kanwa tana jan ruwa daga iska, sai garin ya dunƙule, fumfuna ta kama shi. Idan ka ga fari-fari ko kore-kore a kai, ko ka ji warin ruɓa ko tsami, kada ka kankare sama ka yi amfani da na ƙasa, kada kuma ka shanya ka ce ya gyaru. Shaƙar fumfuna kai cuta ne har inda take so. Zubar da shi duka a masai. Kada a watsa shi a bola inda yara da kaji da awaki ke tono.

Mazubin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa, wadda aka wanke ta bushe sarai. Gwangwanin ƙarfe yakan yi tsatsa idan kanwa da laima suka haɗu. Ƙullin leda yana hujewa a aljihu, yana kuma yin gumi. Battar fata ta gargajiya tana da kyau ga abin yini ɗaya ko biyu, amma tana shan laima da damina, sai a riƙa zazzage ta ana shanyawa. Kada a kuskura a zuba shi a robar da aka taɓa sa maganin feshi ko na ɓera, ko da an wanke ta sau goma.

Dabarar tsofaffi ita ce mazubi biyu. Babba yana gida a rufe, a wuri mai sanyi da duhu, ba a buɗe shi sai za a ɗiba, kuma da busasshen cokali ake ɗiba, ba da yatsa ba. Ƙarami shi ne na aljihu. Sannan kada a sayi da yawa. Abin mako ɗaya ko biyu ya isa. Sayen da yawa yana tsufar da garin, yana kuma sa hannu ya saki.

Mataki na bakwai: tsare gida

Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero, amma yaro mai rarrafe bai san wannan ba. A idonsa garin taba da yaji da garin ƙuli-ƙuli duk ɗaya ne. Na taɓa ganin abin da ke biyo baya a wani gida da ke maƙwabtaka da mu. Kaka ta tashi alwala da salla ta bar battarta a kan tabarma, jikanta ɗan shekara 2 ya buɗe ya dumbuza a baki. Kafin ta sallame yaron yana ta amai, yawu na dalala, jikinsa ya yi sanyi ya saki kamar tsumma. Allah ya sa an garzaya da shi asibiti a kan lokaci ya tashi. Daga ranar kakar ba ta sake barin batta a ƙasa ba.

Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai shaƙa ya share hanci yana iya kayar da shi. Don haka wurin taba shi ne cikin akwati ko adaka mai makulli, ko can sama inda ko ya taka turmi ba zai kai ba. Kada a ajiye ta a madafa kusa da kayan miya, kada a zuba ta a robar yaji ko kwalbar maganin yara, kada kuma a aiki yaro sayo ta.

Idan tsautsayi ya faru, a share abin da ke bakinsa da tsumma mai ruwa, a wanke masa hannu da fuska, a kwantar da shi a kan gefensa idan yana amai, a nufi asibiti mafi kusa nan take tare da battar don ma'aikata su ga abin da ya ci. Kada a sa masa yatsa a wuya don ya yi amai, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko madara, domin yana iya shaƙewa, lokaci kuma yana tafiya.

Mataki na takwas: hattara da 'yan gwangwanayen zamani

Abin da ɗan ƙanwata ya kawo mini ba irin garin kakanni ba ne. Irin 'yan gwangwanayen nan ne masu hotuna da sunaye masu jan hankali da suka cika tashoshi da teburan kan hanya, ana tallar su da sunan maganin gargajiya ko ƙarin kuzari. Mai dakan taba a kasuwar ƙauye, duk da cewa abin da yake sayarwa yana cutarwa, ka san shi, ka san ganye ne da kanwa. Na gwangwani kuwa mai sayar da shi kansa bai ga lokacin da aka haɗa shi ba. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ja kunnen jama'a a kan wasu daga cikin irin waɗannan, har da wanda ake sayarwa da sunan AK-47. Rubuta "na ganye" a jikin gwangwani ba shaidar lafiya ba ce, domin taba ma ganye ce, haka zaƙami.

Doka ma ta yi magana. Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana sayar da kowace irin taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa shi ya sayar, ta kuma ce tabar da ba a busawa kada a sayar da ita a ƙunshin da ya gaza giram 30. Manufar ita ce kada ta yi arhar da yaro zai saya da canjin aike. Mai shagon da ke miƙa wa ɗan makaranta irin wannan gwangwani ya tuna cewa ɗan wani ne, kamar yadda nasa yake ɗan wani a shagon gaba.

Mataki na tara: hanyar fita

Barin taba yana da wuya, amma mutane suna bari kullum. Ka koma ga tsakuwoyin nan da ka ƙidaya. Idan 20 ne, mako mai zuwa su zama 15, na gaba 10. Ka jinkirta shaƙar farko ta safe, domin ita ce tushen sauran. Ka bar battar a gida idan za ka gona ko kasuwa. Sannan ka tsai da rana, ka faɗa wa matarka ko amininka, ranar ta zo ka zubar da garin, ka rabu da battar.

Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu tsanani: fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Yawancin wannan yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Sha'awar kan taso kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci ta wuce. Idan ta taso ka sha ruwa, ka kama asuwaki, ka tashi daga majalisar da ake zagaya batta. Watan azumi babbar dama ce, tunda mai azumi ya riga ya saba riƙe kansa daga asuba zuwa magariba. Abin da ya rage shi ne kada ya yi buɗa-baki da batta. Kada a bar shaƙa a koma sigari, an gudu daga ruwa an faɗa wuta ke nan. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi likita, akwai cingam da filastar nikotin da ake ba da su a bisa ƙa'ida don sauka a hankali.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su: ƙofar hanci ɗaya da ta toshe ta ƙi buɗewa, haɓo mai dawowa, miki a hanci ko baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ƙari a wuya, ko wahalar haɗiya. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya tafi asibiti a Tambuwal, idan ta kama a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Abin da aka gani da wuri ya fi sauƙin magani.

Da na gama, ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, ƙurar hanya fa, da kwanan da ke kama ni da rana?" Na ce masa ƙura maganinta takunkumi ko rawani a hanci da ruwan gishiri da dare, barci kuma maganinsa barci, ko na rabin awa ne a inuwa bayan azahar. Sai na ce ya tashi mu je gindin dogon yaro ya tambayi mai battar da kansa, tunda shi ya fi ni sanin ta. Muka gaisa, yaron ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Dattijon ya juya battar a tafin hannunsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Ɗana, na fi shekara arba'in da wagga aba. Ƙamshin tuwon gidana ban jin shi, turaren Juma'a ban jin shi. Ranar da na mance ta gida, daga gona nake komowa in ɗauke ta. In ba ka hwara ba, kak ka hwara." Ya mai da ita aljihu bai miƙa masa ba.

A hanyarmu ta komawa gida yaron bai ce komai ba. Da muka iso ƙofar gida ya miƙo mini gwangwanin, ya ce in zubar masa a masai, ya hau babur ɗinsa ya koma tasha.